Yadda Ake Ƙera Tsoro da Burushi: Aikin Hannun Beksinski

Akwai irin zanen da idan mutum ya tsaya a gabansa sai tsigar jikinsa ta tashi, alhali babu abin da ya motsa. Wani gari ne ya ƙone ƙurmus, ko wata majami'a da aka gina da ƙasusuwa, ko ayarin mutane marasa fuska suna tafe cikin jan hayaƙi ba a san inda suka dosa ba. Yawancin masu kallo sukan ɗauka mai zanen yana da taɓin hankali, ko kuma ya farka ne daga mugun mafarki ya watsa fenti a allo kafin abin ya gushe masa. Masu sana'ar sun san abin ya wuce haka. Tsoron da ke cikin irin wannan zane ƙera shi ake yi daki-daki, da awo, da sanin halin mai da launi, da jira na kwana da kwanaki. Da wuya a sami wanda aikinsa ya bayyana haka fiye da Zdzislaw Beksinski, mutumin ƙasar Poland, wanda aka haifa a garin Sanok a 1929, ya rasu a birnin Warsaw a 2005.

Salon da ake jingina shi da shi ana kiransa suriyalizim, wato zanen da ke bai wa mafarki daraja ɗaya da abin da ido ke gani a farke. Marubuci André Breton ne ya fitar da takardar manufofin salon a birnin Faris a 1924. Sai dai zana mutuwa da firgici ya girmi wannan suna nesa ba kusa ba. Wajen 1562 Pieter Bruegel ya zana rundunar ƙwarangwal tana cin ƙasa da yaƙi, ba ta bar sarki ba balle talaka. Tsakanin 1819 da 1823 Francisco Goya na Sifaniya, bayan ya tsufa ya kurumce, ya zana baƙaƙen hotuna 14 a bangon gidansa da ke bayan garin Madrid. Mutuwa rigar kowa ce, kuma kowane zamani da yadda masu zanensa suke auna ta. Beksinski ya zo ya same su a kan wannan hanya, amma da kayan aikin da ya tattaro daga wasu sana'o'i dabam.

Bai taɓa shiga makarantar koyon zane ba. Ilimin tsara gine-gine ya karanta a birnin Krakow daga 1947 zuwa 1952, ya yi aikin sa ido a wuraren gini, aikin da bai so ba ko kaɗan. Ya koma Sanok a 1955, daga baya ya kama aiki a masana'antar ƙera motocin safa ta garin, yana tsara surar jikinsu. A cikin waɗannan shekaru ya duƙufa kan ɗaukar hoto da kyamara, ya kuma yi sassaƙa da waya da ƙarfe da farar ƙasa. Kowace sana'a ta bar masa gado. Gini ya koya masa inda nauyi yake sauka da yadda ginshiƙi ke ɗaukar rufi. Kyamara ta koya masa cewa haske daga wuri ɗaya yake fitowa, kuma inuwa tana da doka. Sassaƙa ta sa yatsunsa suka san kauri da zurfi. A 1964 aka baje kolin ayyukansa a Warsaw, aka saye su kaf. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya yi zane-zanen da duniya ta fi saninsa da su. Burinsa, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, shi ne ya yi zane kamar wanda ya ɗauki hoton mafarki da kyamara. Wannan buri shi ya tsara masa duk matakan aikin, tun daga allo.

Yawancin masu zanen fentin mai a kan yadi mai kauri suke aiki, wanda ake ɗamewa a jikin firam. Shi kuwa ya zaɓi katakon nan na garin itace da aka matse da inji, irin wanda ake yin silin da bayan kabad da shi, kuma da hannunsa yake shirya shi. Hikimar a fili take. Yadi yana da saƙa, kuma kome yawan fentin da aka shafa, ƙwayar saƙar sai ta leƙo ta tuna wa mai kallo cewa zane yake kallo. Mafarki ba shi da saƙa. Katako mai santsi yana barin burushi ya ja layin da bai kai kaurin gashi ba, ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Ga yadda ake shirya irin wannan allo a sana'ar. Da farko a goge fuskarsa da takarda mai kaushi ta kafintoci, don a kashe ƙyallin da ya zo da shi daga masana'anta, fenti ya sami abin kamawa. Sai a toshe ƙofofin katakon da gam, gaba da baya, domin idan gefe ɗaya kawai aka shafa, danshi zai shiga ta ɗayan allon ya kantare. Bayan haka a shafa farin shafe na alli da gam, siriri, daga hagu zuwa dama. A bari ya bushe, a goge, a sake shafawa daga sama zuwa ƙasa. Haka za a yi ta yi har sai tafin hannu ya bi ta kai bai ji tudu ko kwari ba. Duk wannan wahala a kan farin da za a binne ƙarƙashin duhu ake yin ta, wanda mai kallo ba zai taɓa gani ba. Amma wannan farin shi ne fitilar zanen gaba ɗaya, kamar yadda za mu gani.

Fentin mai abu biyu ne kacal: garin launi da man linsid, wanda ake matsowa daga 'ya'yan tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Halinsa ya sha bamban da na fentin ruwa. Ruwa yakan tashi ya bi iska, launi ya zauna. Man linsid kuwa iska yake sha, ya riƙa taurara a hankali har ya zama fata mai ƙarfi, kuma wannan kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Rago yana ganin wannan jinkiri cikas ne. Gwani kuma a nan yake samun dama, domin muddin fentin yana ɗanye ana iya ja da shi, a narkar da wani launi cikin wani har a rasa inda suka haɗu.

Launukan wannan duniya mai ban tsoro yawancinsu daga ƙasa aka tono su. Akwai rawayar ƙasa mai tsatsar ƙarfe a ciki, wadda idan aka gasa ta sai ta koma ja. Akwai wata ƙasa mai duhun makuba da ake kira omba, tana ɗauke da sinadarin manganis, shi ya sa ta fi sauran saurin bushewa, aka kuma fi son ta a shafen farko. Akwai baƙin da ake samu ta hanyar ƙona ƙasusuwan dabbobi a rufaffen wuri har su zama gawayi, a niƙe su lilis. Wato mai zanen ƙwarangwal yana iya zana ƙashi da ƙashi. Duk da haka gwanaye ba su cika dogara da baƙi tsantsa ba, don yana kashe wuri ya bar shi kamar an huda rami a allo. Sukan haɗa makuba da shuɗi mai duhu su sami baƙin da yake da rai, wanda ido zai iya shiga cikinsa ya yi ta lalube.

Shafen farko tsinkakke ne. Ana tsinka fentin da tafentin, wani ruwa mai ƙarfin wari da ake tacewa daga ƙaron itacen fayin, har ya zama ruwa-ruwa, a bi allon da shi da faffaɗan burushi. Tun bai bushe ba sai a naɗe tsumma a yatsa a fara goge wuraren da haske zai zauna. A wannan mataki babu ido, babu haƙori, babu taga. Duhu da haske ne kawai ake rabawa, ana ja da baya ana ƙanƙance ido ana dubawa. Idan rabon bai yi daidai ba a nan, duk adon da za a ɗora daga baya ba zai cece shi ba. A nan ne kuma mafarkin yake samun ƙofar shiga. Mai zanen yakan fara da abu ɗaya a zuciyarsa, sai wani tabo da tsumma ya bari ya nuna masa ƙeya ko kafaɗa ko bakin kabari, ya bi shi. Masu suriyalizim sun daɗe da sanin darajar irin wannan tsautsayi. Max Ernst na Jamus yakan manna takarda ko gilashi a kan ɗanyen fenti ya ɗaga, sannan ya zauna ya zaƙulo duwatsu da halittu daga tabon da ya fito. Tabo kyauta ne ga kowa, amma gane abin da ke cikinsa da iya fito da shi sai wanda idonsa ya ƙoshi da kallo.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne neman haƙuri, wato lulluɓi. A ɗauki launi ɗan ƙyas a kan bakin burushi, a dama shi da mai har ya zama garai-garai ana hango abin da ke ƙarƙashinsa, a shimfiɗa a kan busasshen shafe da burushi mai laushi. A jira ya bushe. A sake shimfiɗa wani. Haske idan ya faɗo kan allon sai ya ratsa waɗannan lulluɓai ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da farin allin nan na ƙasa, ya dawo ta cikinsu zuwa idon mai kallo. Shi ya sa jan sama a irin wannan zane yake zama kamar garwashi ne a bayan allon yake ruruwa. Wanda ya gauraya ja da rawaya ya dankara su lokaci guda zai sami launin, amma ba zai sami wutar ba. Dabarar tsohuwa ce, Jan van Eyck ya kai ta ƙololuwa tun a ƙarni na 15 wajen zana alkyabbar manya da duwatsu masu daraja. Masu zanen firgici sun karɓe ta suka haskaka ƙarshen duniya da ita.

Lulluɓi yana da doka guda da ba a karyawa: kowane shafe na sama dole ya fi na ƙasansa yawan mai. Dalili kuwa, shafe mai yawan mai ya fi jinkirin bushewa, kuma yana motsi yayin da yake taurara. Idan aka ɗora marar mai a kansa, na saman zai riga bushewa, na ƙasan ya ja shi, fuskar zanen ta tsattsage. Kuskuren mai gaggawa ba ya fitowa ranar da aka yi shi, sai bayan shekaru, lokacin da babu sauran gyara.

Sai batun nisa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili lokacin hunturu ya ga yadda hazo ke yi: bishiyar kusa tana da ganye da reshe, ta tsakiya ta zama dunƙule, ta can nesa kuma inuwa ce kawai da ta kusa narkewa cikin sama. Da wannan doka Beksinski yake gina sararinsa. Abin da ke gaba yana da kaifin baki da duhu mai ƙarfi, abin da ke baya ana rage masa duhu, a kusantar da launinsa ga launin sama. Ana samun wannan ƙura da busasshen burushi: a taɓa fenti mai haske, a goge kusan dukkansa a tsumma, sannan a riƙa shafa saura a hankali a kan duhu, har ya bar wani siririn mayafi. Amfanin hazon ya wuce nuna nisa. Yana hana mai kallo sanin inda abin ya ƙare. Ayarin da ya shige cikin ƙura ba a san adadinsa ba, kuma abin da ba a san iyakarsa ba ya fi wanda aka ƙirga ban tsoro.

A nan ilimin gini yake shigowa. Layin da sama ta haɗu da ƙasa, idan aka saukar da shi can ƙasan allo, sai mai kallo ya zama kamar yana tsugune yana ɗaga kai, ginin ya yi masa rumfa. Sai a ajiye ɗan mitsitsin mutum a gindinsa, ido ya auna, zuciya ta faɗi. Majami'un da Beksinski ya zana an saƙa su ne da abin da ya yi kama da haƙarƙari da jijiya da yanar gizo-gizo, amma bakan ƙofofinsu yana zaune daidai, ginshiƙansu suna ɗauke da nauyin da ya kamata. Da ginin ya karkace ta hanyar da ba ta yiwuwa, da hankali ya yi watsi da shi ya huta. Da yake yana tsaye bisa ƙa'ida, hankali ya rasa hujjar ƙaryata shi.

Haka abin yake ga jikin mutum. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, hannu ɗaya kaɗai yana da 27, haƙarƙari kuma 12 ne a kowane gefe. Sai wanda ya san wannan tsari ciki da bai ne zai iya ɓata shi yadda zai tayar da hankali. Beksinski yakan ƙara yawan yatsu, ya tsawaita gaɓa, ya sa fata ta manne wa ƙashi kamar busasshen ganye, amma kowace gaɓa tana lanƙwasawa ta inda gaɓa ke lanƙwasawa. Wannan aiki na siririn burushi ne mai tsini. Masu sana'ar sukan riƙe wata doguwar sanda mai dunƙulen fata a kai, su jingina ta a gefen allo, su ɗora wuyan hannu a kanta don kada ya yi rawa ko ya taɓa ɗanyen fenti. Kowace jijiya layi uku ce: duhu a gefen da ke nesa da haske, launin tsakiya, sannan ɗan farin zare a kan tudunta. A ninka wannan sau ɗaruruwa a allo ɗaya, a ga yawan zaman da ke ciki.

A dubi zanen Beksinski na 1984, na wasu mutum biyu da suka ƙanƙame juna a zaune. Naman jikinsu ya ƙare, saura ƙashi da jijiya, launinsu da na ƙasar da ke bayansu duk ja-ja ne na tsatsa. Ɗaya ya cusa kansa a jikin ɗayan, hannuwa da ƙafafu sun sarƙe har sai an natsu kafin a gane na wane ne wannan. Ba a ga abin da ya same su ba, babu jini, babu makami. Abin da ke karya zuciya yana wurin yatsu, yadda suka nutse cikin bayan juna da irin riƙon da mai rai kaɗai ke yi. Mai zanen ya san tsokar da ke ɗaurewa idan mutum ya riƙe abin da yake tsoron rasawa, ya bar alamarta a jikin da ba shi da sauran tsoka.

A dubi kuma wani na shekarun 1970, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawo a duniya. Wata baƙar halitta ce tana rarrafe da dogayen gaɓoɓi sirara, a bayanta gari yana ci da wuta cikin jan hayaƙi. An naɗe kanta da farin bandeji, ja ya ɓullo a daidai inda fuska take. Wurin da ya fi ko'ina haske a allon shi ne wannan kai, don haka ido can yake fara sauka, yana neman fuska kamar yadda idon ɗan Adam ya saba tun yana jariri. Sai ya tarar an rufe ta. Ba a san ko mugun abu ne ya fito farauta ba, ko kuwa wanda ya tsira ne yake jan jiki yana neman taimako. Mai ƙaramin sani da ya zana wannan da ya ba ta jajayen idanu da fiƙoƙi, a gane dodo ce, a wuce. Gwani ya san abin da zai ɓoye.

Irin wannan ɓoyewa ce ta sa Beksinski bai raɗa wa zanensa suna ba. Haruffa da lambobi kawai ake bambance su da su, kuma ya ƙi jinin a tambaye shi ma'anarsu. Yana ɗan shekara 10 yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, kogin San da ke gefen garinsu ya zama iyaka tsakanin sojan Jamus da na Tarayyar Sobiyet, kuma a 1942 aka kwashe Yahudawan Sanok zuwa sansanonin kisa. Masu sharhi da yawa suna hango wannan tarihi a cikin aikinsa, shi kuwa bai yarda a ɗaure zane da bayani guda ba. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida mutum ne mai fara'a da kunya, mai son barkwanci, wanda ko bikin baje kolin aikinsa ba ya son halarta. Ɗakin aikinsa ya fi masa ko'ina, kiɗan gargajiyar Turai yana tashi, don ba ya iya aiki cikin shiru. Tsananinsa a kan aikin kansa ya kai ga cewa a 1977, kafin ya ƙaura zuwa Warsaw, ya zaɓi wasu ayyukansa ya cinna musu wuta a bayan gida, saboda wasu ba su kai yadda yake so ba, wasu kuma sun tona cikinsa fiye da kima.

Mutuwar da ya shafe shekaru yana zanawa ta zo gidansa a jere. Matarsa Zofia ta rasu a 1998. Ɗansa tilo Tomasz, sanannen mai gabatar da shirin kiɗa a rediyo kuma mai fassara finafinai, ya kashe kansa a jajibirin Kirsimeti na 1999. Tsohon bai ajiye burushi ba, har ma ya ci gaba da sarrafa hoto a kwamfuta. Ranar 21 ga Fabrairun 2005, saura kwana uku ya cika shekara 76, wani matashi ɗan mutumin da ke yi masa hidima ya kashe shi da wuƙa a gidansa. A ranar ce ya kammala zanensa na ƙarshe. Ya yi wasiyya da ayyukansa ga gidan tarihi na Sanok, wanda a yau ya fi ko'ina tarin zanensa, kuma a 2016 aka buɗe wani zauren nasa a unguwar Nowa Huta ta Krakow da tarin Piotr Dmochowski, dillalin da ya kai aikinsa Faris tun a shekarun 1980.

A yau kowa yana iya cika fuskar waya da ƙoƙon kai da jini cikin ƙiftawar ido, kuma yawancin irin waɗannan hotuna ana manta su kafin yatsa ya gama turawa. Wanda yake son gane bambanci, idan ya sami zanen Beksinski ko na wani gwani irinsa, ya jinkirta tambayar ma'ana. Ya fara neman inda haske ya fito, ya ga ko inuwoyi sun yi masa biyayya. Ya nemi layin ƙasa, ya ga inda aka tsayar da shi a matsayin mai kallo. Ya bi hazon daga gaba zuwa baya, ya ƙirga matakansa. Sannan ya matso ya bi hannu ɗaya gaɓa-gaɓa har zuwa farce. Kafin ya gama zai fahimci cewa mutumin da ya fi kowa iya nuna lalacewar jiki da rushewar gini shi ne wanda ya fi kowa ba su haƙƙinsu na kallo da nazari, kuma wannan ilimi ne da ake samu da zama da maimaici, kamar kowace sana'a ta gaskiya.